Kira ga Gwamnati da Masarautar Katsina: A Mayar wa Yaran Ƙaraduwa Gayaunarsu

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Katsina, Malam Dikko Umaru Raɗɗa, ta hannun kwamishinonin ilimi da na aikin gona, tare da sanin Mai Martaba Sarkin Katsina, Alhaji Abdulmumini Kabir Usman, da hakiman ƙasar Funtua da Malumfashi.



Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, da addu'ar Allah ya yi riƙo da hannunku a kan wannan nauyi da ya ɗora muku, ina neman izinin kawo kuka. Ni tsohon malamin firamare ne. Na yi shekara talatin da ɗoriya ina riƙe da alli a ƙauyukan da ke kan hanyar Funtua zuwa Malumfashi, yanzu kuwa na koma ga 'yar gonata da 'yan awakina. Ba ni da ƙungiya, ba ni da kujera, kuma ba kwangila nake nema ba. Abin da ya tashe ni shi ne wani abu da na gani a gonata a daminar da ta wuce, wanda har yau ya hana ni sakat.

Ɗan ƙanena ne, saurayi mai hankali, ya gama sakandare, har ya ci darasin aikin gona a jarrabawar fita. Na ɗauke shi ya raka ni duba dawa. Muna cikin zagaye sai ya tsaya a gindin wata shuka da ta tsumbure, ya nuna mini wani tsiro mai jan fure, ya ce, "Baba, dubi wata fulawa mai kyau, kada a cire ta." Ƙuduji ne, ranka ya daɗe. Wuta-wuta, wadda ke maƙale wa saiwar dawa ta tsotse ta tun kafin ta leƙo waje. Yaron da aka haifa a ƙasar noman hatsi bai san babban abokin gabar hatsi ba. Da muka koma gida na zube masa ƙaura da farfara a faifai, bai iya raba su ba. Amma ya zayyano mini sassan tsiro da Turanci, tiryan-tiryan, bai yi tuntuɓe ba. Ban yi masa faɗa ba, don kuwa laifin ba nasa ba ne. Irina ne suka koyar da shi.

A garinmu akwai wani tsohon maƙeri. Shi ke yi mana fartanya da lauje da magirbi, shi ke ɗora baki ga garmar shanu idan ta cinye. Da kunne yake gane ƙarfen da zai yi kaifi da wanda zai karye, tun daga ƙarar da ya yi a kan uwar maƙera. 'Ya'yansa maza sun watse, wani yana Abuja yana turin baro, wani yana kudu yana gadi. Jikokinsa suna wucewa ta ƙofar maƙerar da safe cikin kayan makaranta, ba mai leƙawa. Ranar da Allah ya karɓi abinsa, zugazugin nan za su bushe a rataye, kuma garin da ya yi shekara aru-aru yana ƙera kayan nomansa zai koma jiran ranar kasuwa. Irin wannan dattijo yana nan a kowace gunduma ta ƙananan hukumomi goma sha ɗaya na shiyyar Funtua, daga Sabuwa har Matazu.

Mai Girma Gwamna ya fi ni sanin tarihin wannan ƙasa, amma a yi mini haƙuri in tuna kaɗan, don a ga girman abin da ke zubewa. Tun kafin zuwan Turawa, kudancin Katsina ƙasar auduga ce da baba. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman, ɗan Musawa, ya nuna a littafinsa na tarihin Katsina da ya fito a 1981 yadda garuruwa irin su Maska da Gozaki suka tsaya da ƙafafunsu. Maska, wadda daga gare ta hakimin Funtua ya sami sarautarsa ta Sarkin Maska, ta yi suna da saƙa da rini. Audugar nan ce ta jawo kamfanin BCGA ya kafa injinan gurza a Funtua da Malumfashi, ita ce kuma ta cika taragun jirgin ƙasan da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtua da Gusau, layin da ya isa Ƙauran Namoda a 1929. Da aka zo tsakiyar shekarun 1970, Funtua na cikin wurare uku na farko, tare da Gusau da Gombe, da aka fara shirin bunƙasa noma na Bankin Duniya, kuma daga nan ne masara da takin zamani suka mamaye gonakinmu. Duk waɗannan baƙi, na nesa da na kusa, abu ɗaya suka tarar suka ɗora nasu a kai: mutanen da suka iya aiki tun suna ƙanana.

To, yaya aka yi suka iya? Nan ne nake so in ɗan daɗe, domin maganin da nake roƙo yana cikin amsar.

Gandu ne makarantar. Yaro yana ɗan shekara shida ko bakwai zai fara da kai abinci gona da korar tsuntsaye. Daga nan a ba shi 'yar ƙwaryar iri ya bi bayan mai sungumi, yana jefawa yana rufewa da diddige. Kafin ya yi goma yana da 'yar fartanyarsa daidai hannunsa, wadda maƙeri ya yi masa musamman. Ya koyi noman firi, ya koyi maimai, ya koyi huɗa, ya san ƙasar jigawa da ta fadama da laka, ya san gonar da ta gaji tana son a zuba mata takin gida ko a juya ta da wake. Amma babbar hikimar ita ce gayauna. Maigida zai yanka wa yaro 'yar gona tasa ta kansa, ya yi aikin gandu da safe, da yamma ko ranar hutun gandu ya koma tasa. Abin da ya shuka shi ya zaɓa. In ya yi lalaci, ciyawa ta ci, ba mai dukansa, kunyar ranar kaka ta ishe shi. In ta yi kyau, kuɗin nasa ne: ya sayi kaza, kaza ta zama akuya, akuya ta zama tunkiya, wata rana sai ga ɗan maraƙi. A cikin 'yan kunyoyin nan yaro ke koyon lissafi, da tattali, da haƙuri, da ɗaukar asara ba tare da ya zargi kowa ba. Na koyar da lissafi shekaru da yawa, amma ban taɓa ganin darasin riba da faɗuwa da ya shiga kan yaro kamar tiya biyar ta gyaɗar gayaunarsa ba.

'Ya'ya mata ma da tasu makarantar a tsakar gida. Gurzar auduga da shiɓa da kaɗi da mazari, sarrafa gyaɗa a fitar da mai a soya ƙuli-ƙuli, dafa kalwa a yi daddawa, kiwon kaji da awaki, adashi. Mace ta shiga ɗakin miji da sana'arta a hannu, ba ta jiran a ba ta kuɗin sabulu. Da dare kuma kaka ta tara jikoki a yi tatsuniya da kacici-kacici, a ji wane ne kakan wane, daga ina gidan ya taso, me ya sa ba a auren gidan wane sai an yi wasa, me ke tsakanin Katsinawa da abokan wasansu. Yaro ya tashi ya san kansa.

Ba na cewa zamanin nan aljanna ne. Gandu yana da zafinsa. Akwai iyayen da suka riƙe 'ya'yansu har furfura ba su sallame su ba, akwai yaran da aka hana karatu saboda gona, kuma mu malaman farko mun sha zagaye gida-gida muna roƙon a ba mu su. Har gobe ina alfahari da kowane yaro da na fizgo daga bayan shanu na zaunar a aji. Kuskurenmu shi ne, da muka shigo da shi ta ƙofa, sai muka ce ya bar fartanyarsa a waje, ya bar harshensa ma a waje. Wanda ya makara, horonsa noman filin makaranta. Wanda ya yi Hausa a aji, a ci shi tara. Wanda ya faɗi jarrabawa, a ce masa, "Kai dai ƙarshenka noma." Na faɗi wannan kalma da bakina, Allah ya yafe mini. Shekara arba'in ana gaya wa yaro cewa sana'ar ubansa hukunci ce, don me za mu yi mamaki in ya yarda?

Sai kuma auduga ta faɗi, masaƙu suka rurrufe a Kaduna da Kano, atamfar waje ta cika kasuwa, mazari ya koma kayan tarihi. Sannan babbar masifar 'yan bindiga ta zo. Ba sai na gaya wa Mai Girma Gwamna abin da Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara suka gani ba. A Disambar 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. A Satumbar 2021 aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Funtua da Bakori da Malumfashi, aka dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni. A Agustan 2025 aka afka wa masallata da asuba a Unguwar Mantau. Ana lissafa rayuka, ana lissafa shanun da aka kora, kuma ya kamata a lissafa. Amma akwai wata asarar da ba ta shiga lissafi. Uban da ke zuwa gona da zuciya a hannu ba zai ɗauki ɗansa mai shekara takwas ya tafi da shi ba. Iyalin da suka gudo daga ƙauye suka kama ɗaki ɗaya a Funtua ba su da gandu, balle gayauna. Yaran da aka haifa a cikin shekarun nan sun kai munzalin riƙe fartanya ba su taɓa taka kunya ba. Ko gobe aka wayi gari da cikakken zaman lafiya, kuma muna roƙon Allah ya kawo shi, za a mayar da gonaki ga hannayen da ba su san su ba.

A nan ne labarin wasu makiyaya na kudancin Afirka yake yawan zuwa mini a rai. Herero ake ce musu, ko Ovaherero a bakinsu, mutanen Namibiya da Botswana, waɗanda shanu ne rayuwarsu kamar Fulaninmu. Daga 1904 zuwa 1908 sojojin Jamus suka yi musu kisan ƙare dangi, abin da ita kanta Jamus ta amsa sunansa a 2021. Aka kora su cikin hamadar Omaheke, aka ƙwace ƙasarsu da garkunansu, har aka kafa dokar da ta hana waɗanda suka rage mallakar shanu sai da izini. Waɗanda suka tsallaka Botswana tare da sarkinsu Samuel Maharero sun isa hannu rabbana. Suka yi kiwon shanun wasu, suna samun 'yar maraƙa nan da can, kuma kafin jikokinsu su girma sun sake zama cikin manyan masu shanu na ƙasar. An kore dukiyar, amma sanin saniya yana cikin kawunansu, kuma ba su fasa zuba shi a kan 'ya'yansu ba: yadda ake tatsa, yadda ake gane dabba da launinta da asalinta, kirarin dangi da na wurare da suke kira omitandu, dangin uwa da dangin uba. Har yau duk watan Agusta suna taruwa a garin Okahandja, inda aka binne Maharero a 1923, da yaransu a gaba. Ba ina kwatanta musibarmu da tasu ba ne, tasu ta fi ƙarfin kwatance. Abin da na ɗauka shi ne, mutanen da aka talauta suna iya tashi muddin sanin bai yanke tsakanin kaka da jika ba. Namu yana gab da yankewa.

Na ji cewa a 2025 gwamnatin tarayya ta fito da sabuwar manhaja da ta sa darussan sana'a, ciki har da kiwo, da noman lambu, da ɗinki, da haɗa sola, da gyaran waya. Na yi murna, amma murnar wanda maciji ya taɓa sara. Ina cikin aiki aka kawo tsarin 6-3-3-4 a farkon shekarun 1980, da alkawarin kowane yaro zai fita ƙaramar sakandare da sana'a. An sayo injina daga ƙasashen waje. Na ga wasu da idona a wata makaranta, a cikin akwatunansu na katako, ba wuta, ba malamin da ya san kansu, har gara ta cinye akwatunan, tsatsa ta gama da sauran. Yara suka yi ta zana zarto da guduma a littafi suna cin jarrabawa. Idan aka sake bin wannan hanya, za a sami yaran da suka haddace ma'anar kiwo ba su taɓa ba akuya dusa ba.

Don haka roƙona na farko, ranka ya daɗe, ba ya bukatar a sayo komai daga waje. A mayar wa kowace firamare da ƙaramar sakandare ta karkara gonarta, kuma a raba ta gayauna-gayauna. Kada ta zama gonar hedimasta da yara ke yi wa bauta, wannan mun gani, kuma shi ya sa yara suka tsani abin. Kowane ɗalibi daga aji huɗu a ba shi kunyoyinsa da sunansa, ya zaɓi abin da zai shuka, ya riƙe ɗan littafin da zai rubuta abin da ya kashe da abin da ya samu, amfanin kuma nasa ne, ya kai gida ko ya sayar. A kan wannan littafi da waɗannan kunyoyi za a ba shi maki. Gonar makaranta tana cikin gari ko bakin gari, inda uwa ba za ta ji tsoron barin ɗanta ba, kuma ita ce kaɗai gonar da ɗan gudun hijira zai samu. Sai dai da yawa daga filayen makarantun nan an yanka su an yi shaguna da gidaje. Muna roƙon Hukumar Ilimin Bai Ɗaya ta jiha da shugabannin ƙananan hukumomi su auna abin da ya rage, a yi masa takarda, a kafa masa iyaka. Inda fili ya ƙare, dagaci ya nemo aro.

Wa zai koyar? Wannan ita ce tambayar da ta kashe tsarin baya, alhali amsarta tana zaune a ƙofar gida. Gwamnatinka ta ɗauki dubban malamai da ɗaruruwan malaman gona, mun gani, mun yaba. A haɗa kowane malamin gona na hukumar noma ta KTARDA da makarantun gundumarsa, ya riƙa leƙa su ko da sau biyu a wata, ya zo da irin da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar, a shuka shi gefe da gefe da irin gida, yara su gani da idonsu wanda ya fi jure ƙuduji da wanda ya fi daɗin tuwo. Samaru ba ta da nisa da Funtua, amma a wurin ɗan ƙauye kamar tana bayan teku. Sannan a buɗe ƙofar aji ga masu sana'a na gari. Maƙeri, da magini, da masassaƙi, da tela, da bakanike, da mai gyaran injin ban ruwa, da mai yin mazarƙwaila a ƙasar Ɗanja, da tsohuwar da ta iya daddawa, da matar da ke yin awara da waken suya. A ware yini ɗaya a mako bayan tara, ko su zo ko a kai musu yara rukuni-rukuni, a ba su ɗan alawus na mutunci. Kuɗin da za a kashe wa mutum goma irin waɗannan a shekara bai kai na injin guda da zai kwanta a sito ba. Ranar da yaro ya ga an shimfiɗa wa kakansa tabarma a makaranta, hedimasta ya ce masa "Malam", ranar ce zai daina jin kunyar gidansu.

Allah ya taimaki Sarki, wannan gaɓar taku ce. Masarauta tana da abin da ma'aikata ba ta da shi: ta san kowa. Akwai Sarkin Noma, da Sarkin Maƙera, da Sarkin Fawa, da Sarkin Aska, da Sarkin Magina a garuruwanmu, sarautun da yau suka kusa zama na hawan sallah kawai. Idan umarni ya fito daga fada zuwa ga Galadiman Katsina a Malumfashi, da Sarkin Maska a Funtua, da Makama a Bakori, da sauran hakimai, cewa kowane dagaci ya rubuto masu sana'ar ƙasarsa da waɗanda aka yarda da halinsu a ba su yara, cikin wata guda za a gama. Zancen hali kuwa ba ƙarami ba ne, don ba kowane gwani ne ya cancanci a damƙa masa ɗan mutane ba, kuma mai unguwa ya fi kowane fom sanin wannan. A tuna da garuruwan Maguzawa da na Kiristoci na ƙasar Malumfashi da Kafur, inda gandu ya fi daɗewa da ƙarfinsa, da rugagen Fulanin da suka zauna lafiya, waɗanda su ma an kore musu shanu. Ɗan Bafulatanin da ya tashi ba garke, ba karatu, ba sana'a, kowa ya san wanda ke jiransa a daji. A sa shi a lissafi tun da wuri, kuma a gayyato ubansa ya koya wa yaran gari yadda ake gane dabba marar lafiya tun daga tsayuwarta.

Akwai maganar kalanda, wadda na san za ta yi wa wasu nauyi. Zangon karatu na uku yana faɗawa daidai lokacin shuka da noman firi, na farko kuma daidai kaka. Duk malamin ƙauye ya san yadda aji ke rabewa biyu a watan Yuni da na Nuwamba, mu cika rajista da ƙarya don kada a ga laifinmu. Tun da yaran za su tafi ko an yarda ko ba a yarda ba, me zai hana a ba makarantun karkara izinin tashi da wuri na 'yan makonni a waɗannan lokuta, a rama a cikin rani? Uba zai daina ganin makaranta a matsayin kishiyar gonarsa.

Sai dai ina roƙon a ja layi mai kauri tsakanin koyo da bauta. Yaron da aka tura ƙwadago gonar wani daga safe har la'asar don ya kawo kuɗin cefane ba sana'a yake koyo ba, cin ƙarfinsa ake yi. Haka yarinyar da ke yawon talla a tasha har bayan isha. Kuma kada a bar yaro ya goya tankin feshi. Na ga 'yan shekara goma sha biyu suna fesa maganin ciyawa ba takalmi, ba abin rufe hanci, suna gauraya shi da hannu. A gonar makaranta a haramta wannan kwata-kwata, a kuma koya musu dalili, wataƙila su kai darasin gida.

Game da 'ya'ya mata, kada a tsaya ga ɗinki da kwalliya kawai, kamar yadda aka saba duk lokacin da aka ce sana'ar mata. Kusan duk abin da ke ƙara wa amfanin gona daraja a ƙasar nan, hannun mace ne ke yin sa. Tumatirin da ke ruɓewa a Ɗanja lokacin da ya yi yawa, yarinyar da ta koyi busar da shi da tsabta ta sami abin yi na shekara. A ba ta kunyoyinta ita ma, a ba ta 'yar akuya ta juya, ta mayar da 'ya ga makaranta a ba wata. Almajiran tsangayu ma haka. Asalin tsangaya da gonar malam take tafe, almajiri ya yi noma da damina, ya yi ɗinkin hula da rani. Bara tsagwaronta baƙuwa ce.

Wani abu kuma da ba zai jira ba. Tsofaffin da suka san lissafin damina, da sunayen itatuwa da ciyayi da amfaninsu, da kirarin garuruwa, da tarihin kafuwar kowace unguwa, suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. A sa ɗaliban sakandare, a matsayin aikin jarrabawar Hausa da tarihi, kowa ya zauna da wani dattijo ko wata dattijuwa ya rubuto abin da ya ji, ko ya naɗa a waya. A tace, a buga ƙananan littattafai da Hausa, na boko da na ajami, kowace ƙaramar hukuma da nata. Ba sabon abu ba ne. A shekarun 1950 hukumar NORLA ta Zariya ta yi ta buga irin waɗannan, har lardin Katsina yana da jaridarsa mai suna Himma. Yaron Funtua ya san marigayi Mamman Shata ya zauna a garinsu, amma tambaye shi me ake rinawa a Maska, ko me ya sa ake ce wa yankin nan Ƙaraduwa, sai ya yi shiru.

Daga ƙarshe, kwali. Muna da dubban samari a garejoji da shagunan walda da na kafinta a Funtua da Malumfashi, sun shekara biyar ko bakwai a hannun ubangida, an yaye su, sun iya aiki, amma ba su da takardar da za su nuna. Ƙauyen Koyon Sana'a na Matasa da ke Katsina da Kwalejin Fasaha ta Funtua ba za su iya ɗaukar kowa ba. A nemi hukumar ilimin fasaha ta NBTE da ke Kaduna da masu gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago su riƙa zuwa shiyyar nan, a gwada yaro a kan aikin hannunsa, da Hausa in ya so, a ba shi shaida. An buɗe tashar tsandauri ta Funtua a 2024. In kaya suka fara shige da fice yadda ake fata, za a nemi masu walda da masu gyaran manyan motoci da masu sarrafa hatsi, kuma zai yi ciwo a ce sai an ɗauko su daga wani wuri.

Ranka ya daɗe, ba na roƙon a yi wannan a duk jiha a dare ɗaya, don abin da aka yi da gaggawa da gaggawa yake mutuwa. A zaɓi makaranta biyu ko uku a kowace ƙaramar hukuma ta shiyyar nan, inda tsaro ya ba da hali, a fara da damina mai zuwa. A auna filin tun cikin rani, a kai taki kafin ruwan farko, a sanar da iyaye a masallatai da coci-coci. Da kaka a yi 'yar kalankuwa a harabar makaranta, kowane yaro ya baje abin da ya noma, hakimi ya zo ya gani, a ba wanda ya fi kyauta. In abin bai yi ba, asarar 'yan buhunan iri ce.

Na je wurin maƙerin garinmu kafin in rubuta wannan takarda, na tambaye shi ko zai karɓi yara in an turo masa. Ya ce ƙarfinsa ba zai wuce shida a lokaci guda ba, kuma a turo su da safe, kafin hannunsa ya fara rawa.

Allah ya ja zamanin Sarki, Allah ya taimaki Gwamna, ya ba ƙasarmu lafiya.

Wassalam.

Naku mai biyayya,
wani tsohon malamin firamare daga ƙasar Ƙaraduwa.